Kafaɗar Delft da Kafaɗar Berlin: Inda Lissafi da Awo Suka Raba Hanya

A shekarar 2010 wasu masu bincike daga Holan da Jamus suka buga sakamakon wani gwaji da masana motsin jiki suka daɗe suna jira. Majinyata biyu aka sa su ɗaga hannu, ta gaba da kuma ta gefe, kamar mai son ɗauko kaya daga saman kanta. Kowannensu an riga an yi masa tiyata an sauya masa kan ƙashin damtse da na ƙarfe, kuma ƙarfen ba irin wanda ake sa wa kowa ba ne. Yana auna matsin da ke sauka a kan gaɓar, ya aiko da adadin waje ta iska. Aka naɗi motsin hannuwan nasu daki-daki, aka miƙa wa wata kafaɗa da aka gina cikin kwamfuta a jami'ar fasaha ta Delft da ke Holan, aka ce ta faɗi nata adadin ba tare da ta ga na ƙarfen ba.

Tun daga ƙasa har hannu ya miƙe daidai kafaɗa, wato digiri 90, amsar kwamfuta da ta ƙarfe suna tafiya tare, ko da yake ta kwamfuta tana ɗan ƙasa. Da hannu ya wuce nan sai suka rabu. Kwamfuta ta ce matsin ya fara sauka. Ƙarfe ya ce hawa yake yi.

Kafaɗar Delft a lokacin ta kusa shekara ashirin ana aiki da ita, kuma tana cikin waɗanda aka fi girmamawa a fagen. Don haka rabuwar nan ba ƙaramar magana ba ce. Kafin a gane daga ina ta fito, sai an san irin gaɓar da ake magana a kai.

Tulu a kan gammo

A gaɓar cinya, kan ƙashi ya nutse cikin rami mai zurfi kamar taɓarya a turmi. Ƙashi ne ke riƙe da ƙashi. A kafaɗa abin ba haka yake ba. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne babba, amma mazauninsa a jikin allon kafaɗa ɗan faranti ne marar zurfi, wanda bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Tulu ne a kan gammo, sai dai wannan gammon a tsaye yake yana kallon gefe. Abin da ke hana tulun zamewa tsokoki ne, musamman guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin: ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba wadda ke kwance a ɓoye tsakanin allon da haƙarƙari. A kansu kuma ga deltoyid, babbar tsokar nan da ta lulluɓe kafaɗa kamar hula, wadda ke yin mafi yawan aikin ɗaga hannu.

Shi kansa gammon ba a wuri ɗaya yake zaune ba. Allon kafaɗa ba shi da gaɓa ta ƙashi da haƙarƙari; sulɓi yake yi a kansu, tsokoki na jan sa sama da ƙasa da gefe. Mahaɗar ƙashi guda ɗaya tak ta haɗa hannu da gangar jiki, ita ce wadda ke tsakanin ƙashin ƙirji da karankarma, ƙashin nan da ke kwance a ƙasan wuya. A 1944 Verne Inman da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya suka nuna cewa in mutum ya ɗaga hannu har sama, kusan kashi biyu cikin uku na motsin daga gaɓar damtse yake fitowa, sauran ɗayan kuma daga juyawar allon kafaɗa. Duk mai son lissafa kafaɗa dole ya bi ƙashi uku da ke motsi lokaci ɗaya, ɗayansu kuma yana zamewa a ƙarƙashin fata inda ido ba ya ganin sa da kyau.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne girman matsin. Ɗauki mutum mai kilo 70. Hannunsa gaba ɗaya bai wuce kilo uku da rabi ba. In ya miƙe shi a kwance, tsakiyar nauyin hannun tana wajen santimita 30 daga gaɓar. Ita kuwa deltoyid tana jan ƙashin ne daga tazarar santimita biyu zuwa uku kacal. Kamar mutum ne yake son tura ƙofa daga kusa da inda aka maƙala ta. Don ta daidaita kilo uku da rabi a wancan nisan, sai ta ja da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 40, kuma mafi yawan wannan ja yana komawa ne ya danne kan ƙashi a cikin farantinsa. Ga na sauran tsokoki a kai. A 1978 Poppen da Walker suka yi irin wannan lissafi da hoton ƙashi da awon lantarkin tsoka, suka samu cewa matsin ya kai kashi 89 cikin 100 na nauyin jiki a digiri 90, daga nan kuma ya fara raguwa. Wannan adadi ya shiga littattafan koyarwa ya zauna. Hannu wayam, babu ko cokali a cikinsa, amma gaɓar na ɗauke da kusan nauyin mai ita.

Yadda aka gina ta

Frans van der Helm ya kammala digirinsa na uku a Delft a 1991 a kan kafaɗa, kuma a 1994 ya buga cikakken bayanin samfurin, wato kafaɗar nan ta cikin kwamfuta. Ya yi amfani da wata manhajar injiniyoyi mai suna SPACAR, wadda aka ƙirƙira a Delft don lissafa motsin sassan inji, ya ɗauki ƙasusuwa a matsayin sanduna masu tauri, tsokoki kuma igiyoyi masu ja. Abokin tafiyarsa tun farko shi ne DirkJan Veeger na jami'ar Vrije da ke Amsterdam, inda ake nazarin masu tuƙa keken guragu da ciwon kafaɗar da ke damun su. Likitocin ƙashi na birnin Leiden da ke Holan su ma suna cikin tafiyar. Tambayoyinsu na asibiti ne: in za a daskarar da gaɓar kafaɗa ga wanda jijiyoyin hannunsa suka mutu, a wane kusurwa ya kamata a tsayar da ita? In an sa gaɓar roba ko ta ƙarfe, wane irin nauyi za ta ɗauka?

Kwamfuta ba ta san inda tsoka ta fara da inda ta ƙare ba sai an gaya mata. Wannan aiki a ɗakin gawa aka yi shi. An fara da gawarwaki bakwai, ana feɗe kafaɗa tsoka bayan tsoka, ana auna wurin da kowace ta kama ƙashi, da kaurinta, da hanyar da take bi in ta lanƙwasa a kan wani ƙashi. Tsoka mai faɗi kamar deltoyid ba za a wakilta ta da igiya ɗaya ba, domin ɓangarenta na gaba da na baya ayyukansu sun saɓa, don haka aka tsaga kowace zuwa igiyoyi da yawa. A 1999 Klein Breteler da abokan aikinta suka sake awon a kan kafaɗar dama ta wani mutum mai shekara 57, suka ƙara wani abu mai muhimmanci: sun haska hasken lesa a cikin zaren tsoka don auna tsawon ƙananan sassan da ke tsukewa, ta haka suka gano tsawon da kowace tsoka ta fi ƙarfi a kansa. Samfurin da aka kai gwajin 2010 a kan wannan awo ya tsaya. Yana da sassa shida masu tauri, wato ƙirji, karankarma, allon kafaɗa, damtse da ƙasusuwan sangalin hannu biyu, da tsokoki 31 da aka raba zuwa igiyoyi 139.

Yana da kyau a riƙe wannan a zuciya. Kafaɗar da aka yi shekaru ana lissafa wa ɗan wasa da mai keken guragu da tsohuwa mai amosanin gaɓɓai da ita, asalinta kafaɗar mutum ɗaya ce.

Yadda ake aiki da samfurin kuwa daga baya ake farawa. Ba a ce wa tsokoki su ja a ga inda hannu zai tafi. Ana naɗar motsin mutum na gaske da kyamarori da alamomin da aka manna a jiki, a ba kwamfuta, ita kuma ta koma baya ta nemo ƙarfin da ya haifar da wannan motsi. Rabin farko na lissafin ba shi da gardama, dokokin Newton ne: in an san nauyin hannu da saurinsa da inda yake, an san jimlar juyin da gaɓa ke buƙata. Rabi na biyu ne ke da rikici.

Wa ya yi noman?

A ce an yi gayya, mutum talatin suka shiga gona, da yamma aka ƙirga kunya ɗari uku. Jimlar ta tabbata. Amma wa ya yi nawa? Ana iya cewa kowa goma. Ana iya cewa ƙarti biyar ne suka yi rabi, sauran suka raba abin da ya rage. Ana ma iya cewa wasu sun riƙa rushe kunyar da wasu suka tayar, aka sake tayarwa, jimlar dai ta tsaya ɗari uku amma gumin da aka zubar ya ninka. Duk amsoshin nan sun yi daidai da ƙirgen yamma.

Haka kafaɗa take. Igiyoyi 139 ne, amma sharuɗɗan da dokokin motsi ke gindayawa 'yan kaɗan ne, don haka hanyoyin rabon aikin ba su da iyaka. Dole mai samfuri ya zaɓi wata ƙa'ida ya ce da ita ƙwaƙwalwa ke rabo. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce: a raba ƙarfin kowace tsoka da kaurinta, a ninka abin da ya fito da kansa, a tara na dukan tsokoki, rabon da ya ba da jimla mafi ƙanƙanta shi ne za a ɗauka. Ninkawar nan ita ke hana a jibga wa tsoka ɗaya komai, tana sa a watsa aikin gwargwadon ƙarfin kowa. A 2006 Marit Praagman ta kawo wata ƙa'ida ta biyu wadda ke ƙoƙarin rage kuzarin da tsokoki ke ƙonawa, bayan ta auna iskar oksijin da tsokokin hannu ke sha lokacin aiki. Ƙa'idojin biyu sun bambanta, amma tushensu ɗaya: jiki mai tattali ne, ba ya kashe abin da bai zama dole ba.

Mutanen Delft sun san tattali kaɗai zai jefar da tulu daga gammo. Saboda haka suka ƙara sharaɗi: duk rabon da aka yi, jimlar matsin dole ta nufi cikin da'irar farantin, kada ta tsallake bakinsa. Wannan sharaɗin ne ke tilasta wa tsokoki huɗun nan masu runguma su shiga aiki. Amma a lura da yadda mai tattali zai bi da shi. Zai biya daidai abin da zai tsayar da matsin a cikin iyaka, ko da a bakin iyakar ne, ba zai ƙara ko sisi ba.

Shekaru da yawa babu hanyar gwada adadin da ke fitowa. Abin da ake iya yi shi ne a manna wayoyi a fata a ji lokacin da tsoka ta kunna da lokacin da ta huta, a kwatanta da abin da samfurin ya ce. Wannan yana nuna wa ya zo gona. Ba ya nuna kunya nawa ya yi. Duk da haka an yi aiki mai amfani da samfurin. An nazarci tuƙin keken guragu. A 2004 Magermans da abokan aikinsa suka gwada a kwamfuta wurare daban-daban da za a iya mayar da jijiyar wata tsokar baya ga wanda tsokokin rungumarsa suka yage sosai, gwajin da babu likitan da zai yi shi sau da yawa a jikin mutum ɗaya.

Ƙarfen da ke magana

A Berlin, Georg Bergmann da Friedmar Graichen sun bi wata hanya dabam. Tun ƙarshen shekarun 1980 suke dasa gaɓar cinya mai awo a jikin majinyata da suka yarda, daga baya suka yi na ƙashin baya da gwiwa da kafaɗa, a asibitin jami'a na Charité. Na kafaɗar sun ɗauki wani samfurin kamfanin Biomet da ake amfani da shi a asibitoci, suka rarake wuyansa tsakanin kai da sandar da ke shiga cikin ƙashi, suka sa 'yan na'urori shida masu jin lanƙwasar ƙarfe komai ƙanƙantarta. Babu batir a ciki. Ana ɗaura wani zobe na waya a damtsen majinyaci, shi ke cusa wutar ta maganaɗisu, ƙaramar eriya kuma ta aiko da saƙon waje. Daga awo shida ana fitar da matsi ta fuska uku da murɗi ta fuska uku.

Rahoton majinyaci na farko ya fito a 2007, a kan awon wata bakwai na farko bayan tiyatarsa. A yawancin ayyukan yau da kullum matsin bai kai nauyin jikinsa ba, amma in ya kai hannu ƙarshen inda yake iya kaiwa, ko ya tura wani abu da ya ƙi motsi, yakan haura nauyin jikin nasa. A 2009 Peter Westerhoff ya buga awon majinyata huɗu suna ayyukan gida. Ɗaga butar gahawa da miƙaƙƙen hannu, butar da ba ta kai kilo 2 ba, ya ba da matsakaicin kusan kashi 105 cikin 100 na nauyin jiki. Ajiye ta ya fi ɗaga ta tsada, kusan kashi 123. Wannan na ajiyewa ya daɗe yana min yawo a kai, domin nauyin buta bai sauya ba, nisan hannu bai sauya ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne taka-tsantsan, kada a buga ta a tebur. A 2011 aka buga na majinyata shida: ɗaga hannu wayam zuwa digiri 90 ya ba da matsakaicin kashi 70 da wani abu zuwa 80 da ɗoriya, bai yi nisa da lissafin Poppen da Walker ba. Amma sama da digiri 90 matsin ya ci gaba da hawa, kuma da kilo 2 a hannu an ga wanda ya haura ninki biyu na nauyin jikinsa.

Ƙarfen ya kuma nuna murɗi mai yawa a gaɓar, alamar akwai gogayya tsakanin kan ƙarfe da farantin. Samfuran kwamfuta, har da na Delft, suna ɗaukar gaɓar a matsayin mai sulɓi marar gogayya ko kaɗan.

Haɗuwar

Ali Asadi Nikooyan, ɗalibin digiri na uku a Delft, shi ya jagoranci aikin haɗa su, tare da Veeger da van der Helm daga Holan, da Westerhoff da Graichen da Bergmann daga Berlin. An naɗi abu huɗu a lokaci ɗaya daga majinyatan biyu: motsin ƙasusuwa, lantarkin tsokoki, ƙarfin da hannu ke turawa a waje, da matsin da ƙarfen ke aikowa. Ayyukan iri biyu ne. Na farko ɗaga hannu. Na biyu a riƙe hannu wuri ɗaya ana tura wani mariƙi mai awo ta fuskoki daban-daban. Motsi da ƙarfin waje kaɗai aka ba samfurin.

A ɗaga hannu, samfurin ya bi sawun awo har kusan digiri 90, amma ya gaza kai ƙololuwar matsin da abin da ya kai kashi 31 cikin 100. Sama da nan aka samu rabuwar da na fara da ita. A aikin tura mariƙi kuwa kuskuren ya juya: samfurin ya zarce awo a yawancin fuskoki, da matsakaicin da ya kai kashi 34. Ƙa'idar kuzari ta Praagman ta fi tsohuwar ƙa'ida kusantar gaskiya, da kusan kashi 9 a ɗaga hannu ta gaba da kashi 23 a aikin turawa. Da aka faɗaɗa ko aka tsuke kafaɗar mutumin nan mai shekara 57 don ta yi daidai da girma da nauyin majinyacin, lissafin ɗaga hannu ya gyaru har da kashi 26 a digiri 90, amma na turawa bai motsa ko da kashi 2 ba.

Kuskuren kashi 30 da ɗoriya ana iya zama da shi a wasu ayyukan. In tambayar ita ce wanne ya fi tsakanin wurin ɗinki na farko da na biyu, kuma kuskuren ya faɗa kan su biyun iri ɗaya, amsar na iya tsayawa. Abin da ya fi damuna shi ne juyawar alkibla. Samfurin da ya ce abu na raguwa alhali ƙaruwa yake yi, matsalarsa ba ta gyaran adadi ba ce. Wani abu ne da jiki ke yi wanda ba a sa a cikinsa ba. Kuma wurin da ya ɓata shi ne wurin da likita ke yawan samun tambaya: yaushe zan fara ɗora kaya a sama, yaushe zan koma aikin da ake ɗaga hannu?

Dalilin da ya sa samfurin ya ce matsi ya sauka a bayyane yake, kuma lissafinsa daidai ne. Da hannu ya wuce kwance ya nufi sama, nauyinsa yana matsowa kan gaɓar, juyin da ake buƙata don riƙe shi yana raguwa. Wanda ya taɓa riƙe bokiti da miƙaƙƙen hannu sannan ya ɗaga shi bisa kai ya san wannan a jikinsa. Mai tattali, ganin aiki ya ragu, sai ya sallami ma'aikata. To me ya sa kafaɗar majinyacin ta ƙara ɗaukar wasu?

Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne tsokoki masu adawa da juna suna ja a lokaci ɗaya. Masu ɗaga hannu na ja sama, masu sauke shi na ja ƙasa, juyinsu yana kashe juna, don haka kyamara ba ta ganin komai, amma dukansu suna danne kan ƙashi a cikin faranti. Su ne masu rushe kunya da sake tayarwa a gonar gayya. A idon ƙa'idar tattali wannan asara ce zalla. A wurin jiki kuwa kuɗin tsaro ne: gaɓar da aka matse ta kowane gefe ba ta gocewa in wani abu ya bige hannun ba zato. Samfurin ya san motsin tun daga farko har ƙarshe kafin ya fara lissafi, babu abin da zai ba shi mamaki. Mai hannu bai san abin da daƙiƙa mai zuwa za ta kawo ba. Ga shi kuma kafaɗar an yanka ta, ta yi shekaru tana ciwo kafin a yanka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Akwai ƙarin dalilai da ke iya haɗuwa da wannan. Majinyatan ba sa iya kai hannu inda mai lafiya ke kaiwa, saboda haka abin da yake tsakiyar tafiya ga wani, a wurinsu kusa da ƙarshe ne, inda jakar gaɓa da tabon tiyata suka miƙe suna turjewa, sai tsoka ta ƙara ƙarfi ta rinjaye su. Ga gogayyar ƙarfe da farantin da amosani ya riga ya ci. Ga kuma wahalar bin allon kafaɗa ta saman fata, wadda ke ƙaruwa daidai lokacin da hannu ya yi sama, tsoka ta kumbura, fata ta tattare.

Nan ne nake ganin ya kamata a yi wa Delft adalci. Ma'aunin da aka gwada ta da shi ba kafaɗar mai lafiya ba ce. Samfurin an gina shi ne a kan gaɓa ta halitta, aka gwada shi a kan dattawa masu ƙarfe a jiki, domin babu wanda zai yanka lafiyayyar kafaɗa don ya sa mata na'ura. Awon Berlin gaskiya ne game da waɗannan mutane. Wanda ya ɗauke shi ya ce haka kafaɗar saurayi mai jifa take, ya yi irin kuskuren wanda ya ɗauki adadin kwamfuta a matsayin awo. Amma ga mai ƙera gaɓar da za a dasa, waɗannan dattawan su ne ainihin mutanen da abin zai shiga jikinsu, kuma a wurinsa gaza kai adadi ya fi zarce shi haɗari, domin zai gwada ƙarfensa da simintin da ke riƙe shi a kan nauyin da bai kai na gaske ba.

Abin da ya biyo baya

Mutanen Delft ba su yi musu da ƙarfe ba, kuma su da kansu suka buga sakamakon da adadin kuskurensu a fili. A 2012 Nikooyan ya fito da wani salo na samfurin wanda ake ba shi awon lantarkin tsokoki tare da motsi. Ma'ana an rage wa mai tattali iko: in wayar da ke kan fata ta ce wata tsoka na aiki, dole lissafi ya bar ta ta yi aikin ko da ƙa'ida na ganin asara ce, sauran kuma a raba kamar da. Da aka yi haka, lissafin ya matso kusa da awo, musamman a sama da digiri 90 inda aka rabu. Wannan shi ne shaida mafi kyau cewa jan adawa na cikin abin da ya ɓace.

Gyaran yana da tsadarsa. Samfurin da ke buƙatar lantarkin tsoka ba zai iya amsa tambayar tiyatar da ba a yi ba tukuna, domin babu tsokar da za a manna wa waya a kafaɗar da ba ta wanzu ba, kuma irin wannan tambayar ce ta sa aka gina shi tun farko. Sannan wayar fata tsokokin sama kaɗai take ji. Daga cikin huɗun nan masu runguma, wadda ke kwance tsakanin allon kafaɗa da haƙarƙari ba a kai mata sai da siririyar waya da aka soka da allura, ta sama kuma wata tsoka ce ta rufe ta. Waɗanda suka fi muhimmanci ga zaman tulu a kan gammo su ne aka fi wahalar saurare.

Su kuwa mutanen Berlin sun zuba awonsu a wata taska ta intanet mai suna OrthoLoad, kyauta ga kowa. Ana ganin bidiyon majinyaci yana ɗaga hannu ko yana tsefe kai, a gefe kuma kibiya na tsawo tana gajarta daidai da matsin da ke cikin gaɓarsa. Ba a sa sunaye ba, sai lamba irin S1R da S3L: harafin farko kafaɗa, na ƙarshe dama ko hagu. Masu gina samfuran kafaɗa a wasu wurare, da masu aiki da manhajar OpenSim ta jami'ar Stanford da masu manhajar AnyBody ta Aalborg a Denmark, sukan kawo lissafinsu su jera da waɗannan layuka. Mutanen da suka ba da kafaɗunsu 'yan kaɗan ne, kuma duk sun haura shekara 60 lokacin da aka yi musu tiyatar.